Bayan mota na nutsewa idan na ɗaura tirela

Tambaya: Malam, ina jan ƙaramar tirelar kwana mai kilo 1,200 daga Maradi zuwa Dakoro. Bayan motar yana nutsewa, sitiyari ya yi sako-sako. Wane maɗauri zan saya?

Amsa: Alhaji, nauyin bakin tirelar, wato inda take haɗuwa da motar, shi ne ke ɗage tayoyin gaba. Loda ta tukuna, har da ruwa, ka auna bakin: kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirelar ake so, wato kilo 120 zuwa 180. Nemi maɗauri mai rarraba nauyi, mai sandunan ƙarfe da sarƙoƙi da ke mayar da wani nauyin kan tayoyin gaba, wanda sandunansa suka dace da wannan awo. Masu ƙarfi fiye da kima suna sa mota tsalle a ramuka, har su lanƙwasa ƙarfen tirela. Auna tsayin gaban motar kafin ɗauri, sannan ka ƙara tamke sarƙoƙin har ya kusa komawa yadda yake. Amma duba littafin motarka, wasu ƙananan motoci ba a saka musu irin wannan maɗauri.