Amsa ga ƙanenmu mai kyamarar da ta ƙi ɗauka

Assalamu alaikum jama'ar zaure. To ƙanena, na saurari muryarka tun ɗazu, hannuna ne a cike. Ka ce kyamararka Canon ce, in ka danna maɓallin ɗauka sai lensin ya yi ta kai-komo, zuu zuu, ɗigon nan na cikin madubin leƙe yana ta ƙiftawa, hoto kuma ya ƙi ɗaukuwa, har kana shirin kai ta wajen mai gyara. Dakata tukuna, kada ka bari a kwance maka ita.

Ka ga, yawanci ba lalacewa ba ce, ƙi ta yi. In tana kan tsarin fokas na One Shot, wanda 'yan Nikon ke gani a matsayin AF-S, an gina ta ne a kan ba za ta saki hoto ba sai ta tabbatar fokas ya zauna, wato abin da kake ɗauka ya fito tas babu dishi-dishi. Bai zauna ba, ko yatsanka zai karye ba za ta ɗauka ba. Saboda haka yanzu yanzu, duba jikin lensin, akwai ɗan makunni an rubuta AF da MF, AF kyamara ce ke yin fokas da kanta, MF kuma kai ke yi da hannu. Tura shi kan MF ka danna. In ta yi ƙyas ta ɗauka, to alhamdulillahi, injin ɗaukar lafiyarsa ƙalau, fokas ɗin ne kawai za mu bi.

Ehh, sai ka tambayi kanka, me kake nuna mata? Ita kyamara bambanci take nema, inda haske ya haɗu da duhu, ko wani layi, ko baki-bakin abu. In ka saita ta a farin bango fes, ko sararin sama babu gajimare, ko baƙar riga a ɗaki mai duhu, ba ta da abin kamawa, sai ta yi ta lalube kamar mai neman allura da dare. Zaɓi ɗigon fokas na tsakiya shi kaɗai, shi ya fi sauran ƙarfi a yawancin irin waɗannan kyamarorin. Ɗora shi a kan idon mutum ko gefen ƙofa, ka danna rabi, rabi fa na ce, ka jira ƙarar tit-tit ɗin, sannan ka ƙarasa.

Wani abin kuma da mutane ba sa kula da shi, kusanci. Kowane lensi yana da iyakarsa. Ɗan lensin 18-55 ɗin nan da ke zuwa da kyamara, in ka matso ƙasa da kamar santimita 25, ba zai kama ba. Lensin EF 50mm na Canon, wanda aka rubuta STM a jikinsa, sai santimita 35. Kuma ba daga bakin gilashin ake aunawa ba, daga wata 'yar alama ce a saman kyamarar, da'ira da layi ya ratsa ta. Ja da baya taku ɗaya ka sake gwadawa.

In duk wannan bai yi ba, kashe ta, cire lensin. Za ka ga wasu ƙananan ƙarafa masu ruwan zinare a gindinsa da kuma cikin bakin kyamarar, ta nan suke magana da juna. Gumi da ƙura suna toshe su. Goge su a hankali da busasshen ƙyalle mai laushi, kyamarar na kallon ƙasa don kada datti ya faɗa ciki, kuma don Allah kar ka hura da baki. Mayar da shi, ka murɗa har sai ka ji ƙas. Ni kaina na taɓa shafe kusan rabin awa ina zufa ina zargin kyamara, ashe lensin ne bai gama shiga ba, saura ɗan ƙiris. In kana ganin Err 01 a allo, maganar ke nan, ba sa jin juna. Batir ma ka cika shi kafin ka yanke hukunci.

Af, 'yan Nikon da ke saurare, ku naku da ƙari. Jerin D3000 da D5000 ba su da ɗan injin da ke juya fokas ɗin lensi a jikinsu, in ka ɗaura musu tsohon lensi mai AF-D ba zai juya da kansa ba har abada, sai da hannu.

Kai kuma ƙanena, in hannu na biyu ka saye ta, ko wani ya ara, shiga menu ka mayar da saitin yadda ya zo daga kamfani, har da Custom Functions, wato inda ake sauya aikin maɓallai, don wasu suna ɗauke fokas daga maɓallin ɗauka su mayar da shi maɓallin baya. Daga nan ka ari lensin wani ka ɗaura. In nasa ya kama, matsalar daga lensinka take, shi za a kai gyara, kyamarar ta zauna a gida. Gwada MF ɗin tukuna ka turo min murya, ina nan.