Hukuncin Cike Gaɓar Tafki Don Ƙara Faɗin Fili

Tambaya: Allah gafarta Malam, filina yana bakin tafki. Na sare ciyayi da itatuwan gaɓa, na cike bakin ruwan da ƙasa don filin ya ƙara faɗi. Yanzu hukuma ta ce in kwashe, in sake dashe. Shin dole ne, alhali da kuɗina na sayi filin?

Amsa: Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa (SAW), ɗan'uwa, fili ka saya, tafkin kuwa ba ya cikin ciniki. Abu Dawud ya ruwaito cewa Musulmi sun yi tarayya a abu uku: ruwa da ciyawa da wuta. Malaman fiƙihu kuma sun sanya wa rijiya da kogi harimi, wato gefen da amfanin ruwan ba ya cika sai da shi. Harimi ba matacciyar ƙasa ba ce, wato wadda ba ta da mai ita kuma ba a amfani da ita, balle wanda ya raya ta ya mallaka.

Ciyayin da ka ɗauka a matsayin datti, aiki suke yi. Saiwoyinsu ke riƙe gaɓa kada ta zaizaye, su ke tace laka da takin da ruwan sama ke kwasowa daga gonaki. Idan babu su, takin ya shiga tafki, gansakuka ta mamaye shi, in ta ruɓe ta cinye iskar da kifi ke shaƙa. A ruwan gaɓa mara zurfi ne kuma kifi da yawa ke zuba ƙwai, tsuntsaye su yi sheƙa. Ka ga cutarwar ta kai ga masunci da ba ka taɓa gani ba, ga shi kuwa Malik ya kawo a Muwaɗɗa: babu cuta, babu cutarwa. Shari'ar da ta hana fitsari a ruwan da ba ya gudana, yaya za ta halatta binne gefensa?

Umarnin hukuma ma yana da asali. Annabi (SAW) ya keɓe filin kiwon Naƙi'u, Umar (RA) ya keɓe na Rabaza, duk don maslahar jama'a.

Saboda haka wajibi ne ka kwashe cikon, ka tuba. Ka dasa irin tsirran da suke wurin tun asali, domin baƙon tsiro yakan rinjayi na gida. Abin da tsuntsu ko dabba suka ci daga dashenka sadaka ne gare ka, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Hanyar da za ka bi zuwa ruwa kuwa halas ce, gwargwadon buƙata.

Wallahu a'alam.