Me Ya Cinye Filin Hausa A Rediyon Gwamnati?

TAMBAYA: Malam, albasa nake sayarwa a kasuwar Mile 12, shekarata 20 a Ikko. Rediyona ba ta barin rumfata, amma yanzu in na murɗo tashar gwamnati sai talla da sanarwa, Hausar ma 'yar kaɗan. Ba da harajinmu take aiki ba?

AMSA: Alhaji, Allah ya ba da kasuwa. Tambayarka ta taɓa ni, don ni ma a gindin rediyon mahaifina na tashi.

A Ikkon nan rediyo ta fara a Najeriya. Tun shekarun 1930 Turawa ke kamo shirin BBC su rarraba ta waya zuwa akwatunan da aka kafa wa mutane a gida, mai akwati kuma yana biya. Aka kafa hukumar rediyon gwamnati, NBS, a 1951, ta koma NBC a 1957, sannan FRCN, wato Rediyon Tarayyar Najeriya, a 1978.

Da harajinka take aiki, gaskiya ne, sai dai kason gwamnati albashi ke lashe mafi yawansa. Man janareta da gyaran na'ura, tasha ce ke nemo kuɗinsu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kuɗin lasisin rediyo da talabijin. A Ingila kuɗin lasisin talabijin ne ke riƙe da BBC. Mu kuwa tsarin mulkin 1999 ƙananan hukumomi ya ba ikon karɓa, don haka kuɗin rasit ɗin da ake yanka wa masu shaguna ba asusun tasha yake shiga ba.

Ga kuma kishiyoyi. A 1992 aka buɗe wa 'yan kasuwa ƙofar kafa tashoshi, Raypower, tasha mai zaman kanta, ta fara a 1994, talla ta rarrabu. Tashar da ke neman kuɗin dizal dole ta sayar da lokacinta, mai talla kuwa yaren da ya fi jama'a a gari yake bi. Mu da ke Agege da Idi-Araba da Alaba Rago muna saurare, amma ba ma sayen fili, yaranmu kuma sun koma waya.

Shawarata, Alhaji, ka kai maganar ga shugabannin ƙungiyarku. Bond FM, tashar FRCN da ke 92.9, don harsunan gida aka ware ta. Ku je ku tambayi kuɗin rabin awa a mako, a riƙa faɗin farashin buhu da halin da hanyar Sakkwato ke ciki.