Amsa: rezo ya ɓace bayan sabunta kanel

Ɗan'uwa, ka ce tunda ka sabunta kanel na Ubuntu (wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta), kwamfutarka ta daina ganin kebul ɗin intanet. Kada ka goge komai tukuna. Da alama katin rezonka lafiyarsa lau, direbansa (manhajar da ke sa katin aiki) ne bai bi sabon kanel ba.

Sake kunna ta, ka riƙe Shift (in bai yi ba, ka danna Esc) har GRUB, wato menun zaɓin da ke fitowa kafin Ubuntu ya tashi, ya fito, ka zaɓi tsohon kanel. In rezo ya dawo, magana ta fito fili: matsalar daga sabon kanel take. Buga lspci -nnk a terminal (tagar buga umarni) ka ga sunan katin. Na fi zargin katin Realtek RTL8168 ne, don irin wannan matsalar ta same ni a shagona nan Zango: fitilar bayan kwamfuta a mace, masu buga takardu sun cika benci suna jira.

Abin da ya fisshe ni: na jona salula da kebul na USB na ari intanet ɗinta, na saka linux-headers (fayilolin kanel da ake gina direba da su) daidai da lambar kanel da umarnin uname -r ya nuna, sannan r8168-dkms, direban katin. DKMS manhaja ce da ke sake gina direba duk sanda kanel ya canza, amma ba ta iyawa in babu headers ɗin. Duba Secure Boot ma (tsarin tsaro na lokacin kunna kwamfuta), yakan hana direban da ba a sa wa hannu ba.

Turo mana abin da dkms status ya nuna.