Amsa: Hilux ta maƙale a 4H

Malam, ka ce ƙaramin sandan giyar tsohuwar Hilux ɗinka ya ƙi dawowa 2H (jan tayoyi biyu) daga 4H (jan tayoyi huɗu), kuma tana turjewa a kwana. Kada ka yi saurin sauke akwatin oksileri, wato akwatin giyar da ke raba ƙarfi zuwa tayoyin gaba da na baya. Alama ce ka hau kwalta da 4H, farfelar gaba da ta baya suka ɗaure juna. Sauka kan ƙasa, miƙe sitiyari, ka yi ribas kamar mita goma kana tura sandan a hankali. Yawanci sai ka ji ƙwas, ya saki.

Duba tayoyinka ma, in girmansu ya bambanta matsalar za ta dawo. Sannan kwance noti na sama na akwatin oksilerin, sa yatsa: man 75W-90 ya kamata ya taɓo bakin ramin. In ka ga garin ƙarfe yana ƙyalli a ciki, to wannan kam sai bakanike.