Firintata tana fitar da takarda da fararen layuka

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da firinta Epson L3110 a gida, da ita nake buga wa ɗalibaina takardun jarrabawa. Na yi tafiyar kusan wata biyu lokacin hutu, da na dawo sai rubutu ya riƙa fita da fararen layuka, baƙin ma da ƙyar ake ganinsa, alhali tankunan cike suke da tawada. Na yi mata Head Cleaning, wato wankin kan firinta, sau bakwai a jere, babu canji. Ta lalace ke nan? Daga wata malama a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Da wuya a ce ta lalace, amma don Allah ki dakata da wankin nan haka.

A ƙasan kan firinta, wato abin nan da ke kai da komowa a kan takarda, akwai ɗaruruwan ƙananan kafofi da suka fi silin gashi siranta, ta nan tawada ke fesowa. Idan firinta ta daɗe a ajiye, tawadar da ke bakin kafofin sai ta bushe ta toshe su. Iskar hunturu da ƙurarta kuwa suna ƙara gaggauta hakan. Kowane farin layi da kika gani, kafa ce ko kafofin da suka daina fesowa.

Shi wankin, famfo ne a ciki yake zuƙo tawada da ƙarfi ta kafofin. Idan busasshiyar tawadar ba ta jiƙa ba, ko sau ashirin aka yi ba za ta motsa ba. Asarar tawada kawai ake yi, kuma duk abin da aka zuƙo yana taruwa a wani soso da ke cikin firintar. Ranar da ta lissafa cewa soson ya cika, tsayawa za ta yi cak sai an kai wa mai gyara.

Ki kashe ta da maɓallinta, ki bar ta awa 12 ba tare da buga komai ba. Shawarar kamfanin Epson ce wannan, domin sabuwar tawada ta samu lokacin narkar da tsohuwar. Washegari ki shiga Maintenance a saitin firintar a kwamfuta, ki danna Nozzle Check. Za ta fitar da zanen layuka na kowace kala. Idan akwai giɓi, ki yi wanki sau ɗaya, ki sake fitar da zanen ki kwatanta da na farko. Kada ki wuce sau uku. Idan har yanzu shiru, sai Power Cleaning, wato wanki mai ƙarfi, amma ki tabbata tawadar kowane tanki ta kai aƙalla kashi ɗaya cikin uku, domin yana shan tawada sosai.

Idan wannan ma bai yi ba, mai gyara za ki nema. Kada ki bari kowa ya sa allura ko fetur. Kan Epson a jikin firintar yake, kuma yana da tsada. Ƙananan firintocin HP da Canon waɗanda kan yake haɗe da katirij, wato ɗan akwatin tawada, sun fi sauƙi: a ciro katirij, a ɗora bakinsa a kan tishu mai ɗan ruwan ɗumi na 'yan mintuna, ba tare da an taɓa wurin jan ƙarfen ba.

Akwai abin da nake yawan gani yana jawo wannan matsala, wato kashe firinta daga soket. Idan aka kashe ta da maɓalli, kan yana komawa gefe ya zauna a kan wata roba da ke rufe kafofin. Idan wuta ta ɗauke tana tsakiyar aiki, a buɗe yake kwana. Da zarar an dawo da wuta ki kunna ta, ki bari ta natsu, sannan ki kashe. Kuma ki riƙa buga shafi ɗaya mai duk kaloli huɗun kowane mako, ki rufe ta da ƙyalle, in kuma za ki sake doguwar tafiya ki bar wa wani a gida wannan aikin.