Barista, an ce in yi rajistar zaɓe da girin kad a Greensboro

Tambaya: Salam Barista. Ni mutumin Maraɗi ne ina zaune a Greensboro, gundumar Guilford a jihar Arewacin Karolina ta Amurka, girin kad gare ni, wato katin izinin zama na dindindin. Jiya takarda ta zo min daga kotun gunduma wai an sa ni cikin juri, wato mutanen gari da ake kira su saurari shari'a su yanke hukunci, wallahi ban runtsa ba. Wani babba a masallacinmu ya ce in yaga ta kawai, kuma ya ce in je in yi rajistar zaɓe tunda ina biyan haraji, wai zaɓen gunduma ba ruwansa da zama ɗan ƙasa. Don Allah me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, takardar nan ba ƙararka aka yi ba. Daga jerin masu lasin tuƙi da masu rajistar zaɓe suke ɗebo sunaye, shi ya sa ta faɗo kanka. Kar ka yaga, wanda ya yi biris ana iya cin sa tara. Ka amsa wa akawun kotu kafin ranar da aka rubuta cewa kai ba ɗan ƙasa ba ne, ka haɗa da kwafin katinka, za su cire ka. Amma kafin ka amsa, karanta gargaɗin da ke ƙarshen amsar nan.

Maganar zaɓen ce ta tayar min da hankali, don kullum sai na ci karo da ita a ofis kuma wallahi na gaji. Kar ka yi rajistar nan. Kar ka kuskura. Biyan haraji baya ba ka ƙuri'a, daɗewa a gari baya ba ka, auren 'yar ƙasa ma baya ba ka. Tambayar farko a fom ɗin ita ce kai ɗan ƙasar Amurka ne, in ka danna eh ka sa hannu to ka yi da'awar ƙarya bisa rantsuwa, kuma tun dokar shige da fice ta 1996 wannan kaɗai ya isa a ƙwace girin kad a tasa ƙeyarka gida, ƙofar dawowa kuma ta rufe, kusan babu wani afuwa da lauya zai nemo maka. Akwai 'yar togaciya ga wanda iyayensa biyu 'yan ƙasa ne kuma ya tashi a nan tun yana yaro, kai ba ka ciki.

Na san inda jita-jitar ta samo asali. Wasu garuruwa irin Takoma Park a Maryland sun bar baƙi su yi zaɓen gari, sai mutanenmu suka ji rabin labari suka baza shi a WhatsApp kamar Amurka duk doka ɗaya ce. A jiharku ba haka ba ne, a Nuwamba 2024 ma jama'a suka amince aka sa a tsarin mulkin jiha cewa ɗan ƙasa kaɗai ke zaɓe, ko na sherif ne ko na kwamishinan gunduma ko na hukumar makarantu. A 2018 gwamnatin tarayya ta gurfanar da baƙi 19 a jihar nan kan zaɓen 2016, wasunsu masu girin kad ne.

Kuma wai "wa zai sani?" Haba. Rajistar zaɓe a jiharku a buɗe take a intanet, kowa na iya buga sunanka ya ga ranar da ka yi rajista da zaɓukan da ka fita. Ranar da ka cike fom N-400 na neman zama ɗan ƙasa akwai tambaya ƙarara ko ka taɓa rajista ko ka taɓa zaɓe, ka ce eh ka shiga uku, ka ce a'a jami'in na kallon sunanka a kwamfuta. Na sha ganin dattijo ya zo da takardunsa tsaf, haraji biye, ko takardar tarar gudu da mota bai da ita, sai ya zaro katin zaɓe daga walat yana murmushi don a zatonsa shaidar kirki ce, ni kuma in rasa ta ina zan fara masa bayani. Shi wanda ya ba shi shawarar yana can yana shan shayinsa, ba shi za a tsare ba. Masu cike wa mutane fom a bayan shago su karɓi dala ɗari kuma ba lauyoyi ba ne, ku ji tsoron Allah ku daina wasa da rayuwar iyalan mutane.

Ba wai ba ka da baki a gunduma ba. Ƙidayar 2020 ta sami mutum 541,299 a Guilford, har da baƙi aka ƙirga, zaman kwamishinoni da na hukumar makarantu a buɗe yake ka je ka yi magana, in abu ya faru ka kira lambar gaggawa ta 911. Girin kad ɗinka ya cika shekara 5 ka nemi zama ɗan ƙasa, ka yi rantsuwa, sannan ka yi rajista.

In kuma ka riga ka danna wani abu na rajistar zaɓe a ofishin lasin tuƙi ba ka sani ba, duba sunanka a shafin hukumar zaɓe yau ɗin nan, in ka gan shi kar ka amsa wa kotu komai tukuna, don yanzu kotu na tura wa hukumar zaɓe sunayen waɗanda suka ce su ba 'yan ƙasa ba ne. Nemi lauyan shige da fice mai lasin tukun, ku zauna kafin ranar da ke jikin takardar.